Bayan Zanin Majigi

Har yau, da furfurarsa da tabaransa, Bahago yana cewa silimar da ta fi kowace a duniya ita ce ta ƙauyensu, wadda ba ta da ko kujera mai jingina.

Tsohon sito ne na auduga. Ran Asabar da la'asar mai injin majigi yakan toshe tagogi da buhuna, ya ɗaure farin zani a tsakiyar ɗakin, ya ta da janareta. Masu cikakken kuɗi su zauna a benci ta gaba. Yara masu rabin kuɗi su zagaya bayan zanin su zube a ƙasa, tunda hoton yana ratsowa, kuma ƙurar auduga kyauta ce ga kowa.

Shekarun Bahago tara a lokacin, hannunsa na hagu kuma ya riga ya san rular malamin aji fiye da yadda ya san alli. A gida ma da ya miƙa shi sai a buge. Amma a bayan zani ya ga abin da ba wanda ya taɓa gaya masa: jarumin fim da hagu yake zare takobi. Likita da hagu yake rubutu. Har sarki da hagu yake gaisawa. Nan ya gane cewa duniya duk bahagwai ne, ƙauyensu ne kawai aka bari a baya.

Kuskurensa ɗaya, ya je ya faɗa a makaranta.

"Ƙarya kake," in ji ɗan mai shago, wanda bai taɓa zama a ƙasa ba. "Da dama yake riƙewa. Na gani da idona."

"To ni da kunne na gani?"

"Kai dai kana neman ɗan'uwa ne. Ko a fim babu irinka."

Sati guda ana musu, aji ya rabu biyu daidai da kuɗin shiga. Kawun Bahago, tela, ya gaji da jin ƙorafi a gindin keken ɗinkinsa, ya ce Asabar zai biya masa benci a huta.

Bahago ya zauna a gaba, tsakanin kawunsa da abokin musunsa, ƙafafunsa ba su kai ƙasa ba. Jarumi ya fito, ya harari mugu, ya kai hannu ƙugu. Hannun dama.

Ɗan mai shago ya yi gyaran murya, sau uku.

"Kawu, sun canja shi," Bahago ya raɗa. "Wani ya buge masa hannu."

Tela ya dubi zanin, ya dubi yaron. Sai ya miƙe ya kama shi da ɗan mai shago a wuyan riga, ya zagaya da su baya, suna taka ƙafafun masu rabin kuɗi ana zaginsu a hankali. Ga jarumi nan yana sara da hagu kamar an haife shi a haka.

Ɗan mai shago ya leƙa gaba, ya dawo baya, ya sake leƙawa.

"Ai nan baya ne," ya ce. "Na gaba shi ne na gaskiya."

"Yaro, ni na ɗinka zanin nan," in ji tela. "Yadi shida, kalmasa biyu. Ban yi masa gaba ba, ban yi masa baya ba. Inda mai inji ya ajiye benci, nan kuka sa wa suna gaba."

"To da wanne yake riƙewa, Kawu?"

"Ya danganta da nawa ka biya."

Bahago ya share hanci da hannun hagu, ya nemi gurbinsa a ƙasa ya zauna. Tela ya tsaya yana duban bencin da ya biya wa mutum biyu, sannan ya tattare rigarsa ya ce, "Matsa mini."