Saƙon da Injiniya Ya Toshe

Injiniya yana da tasa hanyar aiki, kuma shekara ashirin ba wanda ya isa ya taɓa masa ita. In zai gyara bayanai a rumbun kwamfutar asibiti, sai ya sa manunin kwamfutar ya bi teburin bayanan layi-layi, inda ya tsaya ya ce wa injin, "Gyara wannan da nake kai." Yana da wata hikimar kuma: duk saƙon kuskure toshe masa baki yake yi, kada shugaba ya gani hankalinsa ya tashi.

Da haka ya sabunta lambobin wayar masu ba da jini. Sai dai teburinsu na can a kwamfutar reshen asibitin, daga nesa ake leƙa shi. Mako uku ana kira, ba a samun kowa. Injiniya ya rubuta rahoto shafi biyu, ya ce akawun reshe ce ke maido da tsofaffin lambobi. Aka sa ranar zama a kanta.

Da safen ranar, Dogo, abokin ofishinsa, ya juyo masa fuskar kwamfuta.

"Ranka ya daɗe, zo ku gaisa da baƙonka. Sallamarsa dubu huɗu, ba ka amsa ko ɗaya ba."

Saƙon kuskuren da ya toshe ne, Dogo ya tono shi, jere reras: ba a gyara baƙon tebur, wato na wata kwamfutar, ta manuni, sai an kira layin da lambarsa. Ko lamba ɗaya ba ta taɓa isa reshe ba.

"Aikin minti goma ne," in ji Dogo. "Mu gyara mu ja bakinmu, a ce baiwar Allah ta shiryu."

Abin da ya fi cin Injiniya daga baya shi ne, sai da ya tsaya ya auna shawarar.

A ɗakin taro ya tarar da akawun, dattijuwa, saura mata shekara guda ta yi ritaya. Ta miƙe, rungume da littafin da ta kwafe lambobin da hannu.

"Sannu da zuwa, Injiniya. Ka yi haƙuri, na sa ka wahala."

Ya rasa inda zai ajiye idonsa, ya ajiye shi a kan takalminsa.

"Ba ita ba ce," ya ce.

"Ɗaga murya," in ji shugaba.

Ya ɗaga. Ranar ce, a shekara ashirin, saƙon kuskure ya fara isa kunnen shugaba, kuma Injiniya ne ya kai shi da bakinsa.