Damar Wa?

"Tsaga bakwai a dama, biyar a hagu," in ji Khalilu, yana karantawa daga littafinsa.

"Damar wa?" Jatau ya tambaya daga kwance. "Taka ko tawa?"

Khalilu ya sake duba littafin. Fuskar tsohon yake kallo lokacin da ya ƙirga, bai kuma tuna ta wane gefe ya fara ba.

"Ka gani? Ɗan boko. In ka juya ta, ka maishe ni mutumin ƙetaren gulbi. Su waɗanga ko gaisuwa ba su iya ba. Kawo hannunka."

Jatau wanzami ne, maƙwabcin Khalilu a Anka. Shekara shida ke nan da ƙauyensu na wajen Bukkuyum ya watse, ya zo ya samu shago a zauren gidan da ke jingine da nasu. Idanunsa sun tafi bara. 'Ya'yansa biyu suna wajen haƙar zinariya, ba a san ramin ba. A bangon shagon zabirarsa ce rataye, askake sun yi tsatsa a ciki. Ya ce rabon da a kawo masa jariri tsaga tun kafin a haifi Khalilu.

Shi kuwa Khalilu tarihi yake koyarwa a ƙaramar sakandare, tun da aka dawo da darasin. Littafin da aka aiko musu ya ba Kano shafi huɗu, Borno shafi uku. Zamfara layi biyu. Yaran ajinsa rabinsu 'yan gudun hijira ne, wasu ko sunan garin kakanninsu ba su riƙe ba. Shi ya sa ya roƙi Jatau ya zo ranar Litinin ya zauna gaban allo, yara su ga yadda ake karanta garin mutum a fuskarsa.

Tsohon ya kama yatsan Khalilu ya ɗora a kuncinsa, ya ja daga gefen baki zuwa kunne. Fatar ta yamutse, tsagar ta nutse a ciki, ba ka rabe wadda aska ta yi da wadda shekaru suka yi.

"Wagga ta ubana ta. Wagga ƙarama Inna tas sa aka ƙara, don ɗiyanta ba su zama. Kana ji ko kana rubutu?"

"Ina yin duka biyun, Baba."

"Ba a yi. Mi kaka rubutawa, ga ni da raina? Litinin dai ka aiko da babur. Kuma ka hwaɗa ma yaran, wanda yay yi dariya in aske mai rabin kai."

Khalilu ya soke dama ya rubuta hagu. Da ya koma gida ya sake dubawa, ya ga kamar na farkon ne daidai, ya soke na biyun. Ya ce gobe zai tambaya. Gobe ta zo da taron malamai.

Ranar Asabar bayan la'asar mai gidan da Jatau yake zaune ya leƙa shagon da kwanon fura, ya fito da shi a cike. Jatau ya rasu.

Khalilu ne ya zuba ruwa, liman yana wanka. Fuskar tana nan kusa da gwiwarsa, a buɗe, ta fi kowane lokaci kwanciya. Ya fara ƙirgawa a zuci, ya kai uku, sai ya ji kunya ta kama shi, ya kau da kai. Liman ya ja likkafani. Sahu biyu aka yi, na biyun bai cika ba. An buga lambar babban ɗan sau huɗu, ba ta shiga.

Litinin, bayan tara, Khalilu ya shiga aji ya zana fuska a allo: kai, kunnuwa, idanu, baki. Ya buɗe littafinsa. Dama a soke, hagu a soke. Ya ɗaga alli zuwa kunci ɗaya, ya mayar zuwa ɗayan.

"Malam, ina baƙon?" Hidaya ta tambaya daga layin gaba.

"Ba zai zo ba."

"To wannan fuskar wa ce?"

Bai juyo ba. Yara hamsin da wani abu suna jira a bayansa, kumatunsu sumul. Allin yana tsaye a iska, tsakanin kunci da kunci, har aka kaɗa ƙararrawa.