Tsibiran da Aka Zaɓa wa Baba

Tun ranar da Baba ya ajiye tuƙin doguwar mota 'ya'yansa suka ce sai sun kai shi hutu, shi da Umma. Injiniya, ɗansa na biyu, shi ya kawo maganar tsibirai. Ya ga hotuna a waya, ruwa shuɗi garau, farin yashi, bishiyoyin kwakwa sun sunkuyo kan teku. Ya tura wa gurup ɗin gida, ya rubuta: "Ga inda ya dace da Baba. Su kwana nan, su hau jirgin ruwa su tsallaka can, har su zagaye duka. Ni zan ɗauki nauyi." Auta ya cika gurup da kabbara da godiya. Daga nan kowa ya koma harkarsa, shirin ya faɗo kan babbar yayarsu.

Sista ake ce mata, a asibiti da gida duka. A sashen tsofaffi take aiki, inda ƙararrawar kiran ma'aikata ba ta hutawa. Lokacin da take da shi na kanta shi ne ɗan hutun rana, a wani ƙaramin ɗaki mai butar shayi da kujera mai karyayyen hannu. Nan take tsayawa, burodi a hannu ɗaya, waya a ɗayan, tana neman jirgin da zai ɗauki iyayenta daga wannan tsibiri zuwa wancan.

A hoto tsibiran kusa suke da juna, kamar a miƙa ƙafa a taka. Da ta shiga lamarin sai ta ga ba haka ba ne. Wani jirgin ba kullum yake tashi ba. Wani sai ya cika. Wani tsibirin ba shi da wurin da babban jirgi zai tsaya, sai a sauke mutane cikin kwale-kwale, ga Umma da gwiwar da ko matakalar gida sai an riƙe ta. Baba kuma yana da ciwon suga, allurarsa tana son sanyi, kuma tsibirin da ya fi kyau a hoto ba shi da ko ɗakin shan magani. Duk inda ta toshe sai wani wuri ya ɓalle.

Ƙannenta kuwa ba su rage mata komai ba sai ƙarin aiki. Injiniya zai turo sabon hoto daga ofis ya ce, "Yaya, a sa wannan ma, an ce akwai dutse mai fitar da hayaƙi." Auta ya ce shi dai kada a bar tsibirin kunkuru.

"Kai za ka je ko Baba?" ta tambaye shi.

"Ni ne ɗan rakiya mana. Wa zai ɗauki jaka?"

Wata rana ta tashi aiki ta wuce ofishin masu shirya tafiye-tafiye, a saman bene, bisa wani shagon gyaran waya. Matar da ke wurin tana da fara'a da haƙuri, amma Sista ta lura kafaɗunta sun sauka irin na wanda ya yini yana maimaita magana ɗaya. Matar ta juyo da allon kwamfuta, ta bi hanyar da yatsa.

"Hajiya, tsarin ya yi kyau. Amma a wannan watan teku tana fushi. In jirgi ɗaya ya fasa tashi, duk otal ɗin da ke gaba ya rikice. Iyayen naki sun saba hawa ruwa?"

Umma ko gada aka hau da ita a mota rufe ido take tana salati.

"Za su saba," in ji Sista.

Matar ta buga mata taswirar a takarda, ta ja layi da jan biro daga tsibiri zuwa tsibiri. Sista ta karɓa ta sauko benen. A motar haya ta yi gyangyaɗi har ta wuce mararrabar gidanta.

Ranar da ba ta da aiki ta je gidan iyayenta da la'asar. Ta tarar da Baba a baranda, kan kujerarsa ta roba, ya miƙe ƙafa bisa wata tsohuwar taya, rediyo yana magana shi kaɗai. Umma tana gefe tana ninke wanki. Bayan gaisuwa Sista ta jawo tebur, ta shimfiɗa takardar, ta danne gefenta da kofi.

"Baba, ga yadda abin zai kasance. In kun sauka jirgin sama za ku kwana a babban tsibiri. Da sassafe mota za ta kai ku tashar jiragen ruwa. Ku tsallaka nan, ku ajiye kaya, ku zaga. Washegari ku haɗa kaya ku koma tasha, don jirgin wannan ba ya jira. Daga nan kuma..."

Baba ya sa tabarau yana bin jan layin da ido. Bai katse ta ba har ta kai ƙarshe, muryarta ta fara dushewa. Sai ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Uwata, wannan ai lodi ne."

"Wane irin lodi, Baba?"

"A tashi da asuba, a ɗaura kaya, a yi layi, a sauke, gobe a sake. Bambancin kawai wani ne zai riƙe sitiyari, ni ina baya ina cizon haƙori." Ya yi 'yar dariya, ta tsaya masa a rabi. "Ba garin da ban shiga ba a aikina. Ki tambaye ni me na gani. Tasha, da gidan mai, da wurin faci. Na zaci hutu shi ne mutum ya zauna har ya gaji da zama."

Umma ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni dai na ce masa ya faɗa muku tun farko. Ya ce kada a kashe wa Injiniya gwiwa."

Sista ta tuna duk abincin ranar da ta ci a tsaye, da wayoyin da ta buga wa otal-otal ana haɗa ta da wanda ba ya jin maganarta, da ranar da ta kusa ba wani dattijo maganin maƙwabcinsa don hankalinta yana kan jirgin ruwa.

"To me ya sa ba a faɗa mini ba? Ni ba ni da gwiwar da za a kashe? Kun san wahalar da na sha kuwa?"

Ba ta taɓa ɗaga wa Baba murya haka ba. Ta sunkuyar da kai, kunya ta rufe ta.

"Kin yi gaskiya," Baba ya ce a hankali. "Mun ga idonki ya faɗa, muka ce aikin asibiti ne. Ki yi haƙuri, uwata."

Umma ta tashi da ƙyar ta kawo mata ruwa. Sista ta sha, ta share fuska da gefen mayafi, ta ɗauki waya ta kira Injiniya a gabansu.

Bai ji daɗi ba. Ya ce ya riga ya gaya wa abokansa, ya ce wa zai yi wannan doguwar tafiya don ya zauna wuri ɗaya kamar majinyaci.

"Baba zai yi," ta ce. "In kana son zagaye, ka ɗauki hutu ka je. Ni na zaɓi babban tsibirin, akwai asibiti, akwai otal a ƙasa ba bene. Na gama."

Injiniya ya ce, "Ba ni Baba." Suka daɗe suna magana. Abin da Sista ta ji kawai shi ne Baba yana ta sa masa albarka, har Injiniya ya sauko. Auta ne ya fi kowa ɓata rai, ya kwana biyu ba ya magana a gurup saboda kunkuru.

Soke sauran otal-otal da tikitin jiragen ruwa ma ya ci mata wani makon. Ta shirya allurar Baba cikin jakar sanyi, ta koya wa Auta yadda ake gwada suga har sai da ya iya. Ta raka su filin jirgi, ta tsaya har suka shige, daga can ta wuce aiki kai tsaye.

Bayan kwanaki tana canza wa wata tsohuwa ledar ƙarin ruwa wayarta ta yi ƙara a aljihu. Da ta gama ta fito baranda ta kira. Umma ce, muryarta sama-sama, iska tana kaɗawa.

"Sista, tun da muka zo ruwa ake yi. Ba mu je ko'ina ba."

Sista ta ce, "Ayya, Umma. Baba fa?"

"Barci yake kamar jariri. In ya farka ya ci abinci ya zauna a inuwa yana kallon ruwan sama yana zuba cikin teku. Jiya da aka ɗan tsagaita Auta ya riƙe ni na sa ƙafa a ciki. Ke, ashe gishirin gaske ne! Duk fason da ke dugadugina sai da ya gaya mini sunansa."

Sista ta jingina da bango ta yi dariya har da ƙwalla. Wata abokiyar aikinta ta leƙo ta ce gado na ƙarshe yana kira. Sista ta ce wa Umma ta shafa mai a ƙafar kafin ta kwanta, ta gaishe da Baba in ya tashi, sannan ta mayar da wayar aljihu ta koma ciki.