Tukunyar da Ba Ta Hawa Tebur

Duk faɗin birnin New Orleans babu mai hannun dafa shinkafa irin Numa Fontenette, wanda ya musa kuwa bai ɗanɗana ba ne. Bai yi boko ba, bai taɓa auna gishiri da cokali ba. Ƙarfinsa a bakin kogi ya ƙare wajen dakon buhuna. Shekarar da ruwa ya cinye unguwarsu, a kan rufin gida aka same shi, matarsa Santina a dama, baƙar tukunyarsa ta ƙarfe a hagu. Masu kwalekwale suka ce a bar tukunyar. Ya ce to shi ma su bar shi. Haka aka kwashe su su uku.

Santina ta rasu bara. Yau kuma ranar Waliyyi Yusufu ce, ta farko bayan rasuwarta.

Dangin Santina Kiristoci ne, 'yan asalin tsibirin Sisili. Duk shekara a wannan rana sai sun kafa wa waliyyin tebur, a cika shi da burodi da kifi da lemo da kyandir, a buɗe ƙofa kowa ya shigo ya ci. Sai dai ranar a cikin azuminsu na ƙaurace wa nama take faɗowa, nama ba ya hawa teburin. Yanzu Filomena, yayar Santina, ita ke riƙe da shi a tsohon gidan ubansu, ita kuwa ko Fada, limamin cocinsu, ne ya shigo sai ta leƙa abin da ke hannunsa.

Da hantsi Numa ya ɗora tukunya. Ya yanka sosej, niƙaƙƙen naman nan da ake ɗurawa a hanji, iri biyu, mai hayaƙi na mutanensa Kiriyol da mai ƙamshi na mutanen matarsa, ya bar su suka saki mai. Albasa da koren tattasai da ganyen seleri suka biyo baya, haka uwarsa take yi. Tafarnuwa cike da tafin hannu da jar miyar tumatir, wannan kuma Santina ce ta shigo da su. Shekara da shekaru suna faɗa a kan tumatirin nan, ita ta ce a ƙara, shi ya ce ana so a kashe masa shinkafa. Yau da hannunsa ya ƙara, babu wanda ya sa shi.

Ya zuba shinkafa ya rufe. Sai da ta kusa tsotsewa ya jera jatan lande da ƙaguwa da kawa a kai, ya sake rufewa ya zauna.

Wannan tukunyar ce ya ɗauka yana saurayi ya kai gidan Gaspare, uban Santina, a rana irin ta yau. An ce masa kowa yana kai abinci, ba wanda ya ce masa ban da nama. Ya ratsa tsofaffin mata masu jan carbi, ya dire ta a gaban waliyyi, ya buɗe. Ƙamshin sosej ya cika ɗaki. Gaspare ya kama shi a wuyan riga ya fitar da shi ta ƙofar baya, tukunya ta biyo shi. Yana zaune a matakalar baya yana tunanin komawa gida, sai ga Santina ta fito da cokali a aljihun riga. Ta zauna, ta ture sosej gefensa, ta ci jatan lande da shinkafa.

"Man naman fa?" ya tambaye ta.

"Mai ba nama ba ne," in ji ta. "Kada dai ka tambayi Fada."

Tun daga ranar, duk shekara a matakalar nan suke cin tukunyarsu, jama'a na ciki suna cin kifi. Numa bai ji tsoron ruwa ba, bai ji tsoron Gaspare ba, amma zama a matakalar nan shi kaɗai ya san ba zai iya ba. Shi ya sa ya ƙudurta bana tukunyar za ta hau tebur da sunan Santina, a ci ta cikin mutane.

Ya isa gidan ya tarar da Filomena a bakin ƙofa, ta ɗaura baƙin gyale.

"Yaya Filomena, a matsa mini wuri kusa da kyandir."

"Me ke ciki?"

"Jatan lande, ƙaguwa, kawa. Duk 'yan ruwa ne, duk masu azumi."

Ta sunkuya ta shaƙa. "Shi wannan kifin mai warin hayaƙi, a wane kogi yake iyo?"

"Can ƙasa yake kwance. Waliyyi ba zai gan shi ba."

"Numa, ka tsufa ba ka yi hankali ba. Baba ya kore ka da tukunyar nan kana da gashi, ni zan kore ka da ita kana da sanƙo."

"Tukunyar da ta hau rufin gida ce za a hana ta hawa tebur? Kin san mutum nawa ta ciyar bayan ruwa?"

"Na sani, ai kullum kana faɗa, kullum kuma ƙaruwa suke yi."

Matan da ke bayanta suka yi dariya. Numa bai yi ba. Ya rage murya.

"Ba don ni ba ne, Yaya. Ta Santina ce."

Filomena ta waiwaya ta dubi tebur, inda hoton ƙanwarta yake jingine da burodi.

"Na sani," ta ce. "Amma ko ita ce tsaye a nan ba za ta bari ba. Kai ma ka san haka."

Ya sani. Ya bi ta gefen gida ya zagaya baya.

Matakalar tana nan yadda take, katakon tsakiya ya lotsa. Ya ajiye tukunya a inda ya saba ajiyewa, ya zauna a gefensa ya bar ɗaya gefen. Daga ciki yana jin ana addu'a, sannan ƙarar faranti. Ya buɗe murfi. Shinkafa ta yi wara-wara, ja kamar yadda Santina take so, irin wadda ko gwamna bai ci ba. Ya riƙe cokali, ya kasa kaiwa baki.

Ƙofar baya ta yi ƙara. Filomena ce, riƙe da cokali da ɗan kwano na soyayyen garin burodi, wanda suke barbaɗawa a abincin ranar su ce dusar katakon waliyyi ce, tunda kafinta ne. Ta daɗe kafin gwiwoyinta su yarda ta zauna.

"Matsa, ka cinye wuri."

Ta barbaɗa garin a kan shinkafar. Sannan ta sa cokali ta ture sosej gefensa, ɗaya bayan ɗaya, ta jawo jatan lande gefenta.

Numa ya zuba mata ido. "Wa ya koya miki haka?"

"Tagar kicin ga ta nan a kanka. Ka zaci duk shekarun nan wanke-wanke kawai nake yi?"

Ta kai loma, ta tauna a hankali, ta haɗiye.

"Tumatir ya yi kaɗan."

"Kaɗan? Yaya, duk garin nan babu wanda ya isa ya gaya mini..."

"Ci abincinka, tsoho, yana hucewa."

Ya ɗebi sosej ya ci. Wata mata ta leƙo daga ciki tana neman Filomena, baƙi sun ƙaru. Filomena ta ɗaga cokali ba tare da ta waiwaya ba, ta ce su jira, tana da baƙo a nan.