Yatsun Yaya a Cikin Na'ura

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya jera gaɓoɓin yatsa bisa hikimarSa, tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa.

A shekarar da yayata ta cika saba'in, santsi ya kwashe ta a bakin famfo, ta dafa ƙasa da hannun dama. Ƙashi bai karye ba, amma yatsu biyu suka daina naɗewa. Ita kuwa da ɗinki take riƙe da kanta. Likita ya ce sai ya ga hoton jijiyar kafin ya yi aiki, kuma idan ranar da aka ba mu ta aikin ta wuce sai bayan mako shida, lokacin yatsun sun sandare.

Aka zaunar da ita, aka zura hannun cikin wata na'ura mai ƙara kamar ana dukan ƙarfe. Sau biyu hoton yana fitowa dishi-dishi.

Mai ɗaukar hoton, wata dattijuwa mai haƙuri, ta ce, "Mama, kina motsa hannun."

"Ni? Ko ƙuda ban kora ba, 'yar nan."

Ni na gane abin. Tun muna yara Yaya ke ƙirga tasbihi a gaɓoɓin yatsunta, babban yatsa yana bin sauran ba tare da saninta ba. Ƙarar na'urar tana tsorata ta, tsoron kuma yana ƙara wa yatsan sauri.

Na ce, "Yaya, yi zikirin a zuci."

"Malam ƙarami ya fara karatu. In na ɓata lissafi fa?"

Matar ta dubi jerin masu jira a baranda, ta ce saura gwaji ɗaya. Sai na roƙa a bar ni in shiga. Aka karɓe agogona da makullaina saboda na'urar tana jan ƙarfe, aka ajiye mini kujera daura da ita. Na ɗaga hannuna inda idonta zai kai.

"Ke ki faɗa, ni in ƙirga."

Ta harare ni. "Kai da ko canjin kasuwa ba ka iya ba?"

Na'ura ta tashi. Leɓunanta suna motsi, yatsana yana bin gaɓoɓina, hannunta kuwa yana kwance. Minti ashirin muka yi a haka, kafaɗata tana zogi, ban sauke ba.

Da ƙarar ta tsaya matar ta leƙo ta ce, "Ya fito tas, Mama."

Yaya ta zare hannunta a hankali. "Ka tsallake biyu a zagaye na huɗu," in ji ta.

An yi aikin a wannan makon. Yatsa ɗaya ya dawo sarai, ɗayan rabi, kuma hakan ya ishe ta riƙe allura har shekara shida.

Allah Ya haskaka kabarinta, Ya gafarta wa iyayenmu, kai kuma mai karatu Ya bar maka lafiyar gaɓoɓinka har ƙarshen kwanakinka. Amin.