Kwalaben Ƙarin Jini

Likitan ya danna babban yatsansa a ƙwaurin Malam Bakari, ya ɗauke, ramin ya tsaya bai cike ba. Sannan ya sunkuya ya zaro kwalbar da matarsa Rabi'atu ta ɓoye a ƙarƙashin gado, ya karanta takardar jikinta, ya tambaye ni da Turanci wa ya ba shi wannan.

Ni ce ƙaramar nas a ɗakin maza a shekarar, ni ce kuma tafinta tsakanin Baturen likitan da marasa lafiya. Kuma ni na ba shi.

"Maman Roda, me ya ce?" in ji Rabi'atu.

"Ya ce a daina ba shi wannan tunda yana asibiti."

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu a Bayan Gari. Tun da muka zo Bauchi daga Bogoro ƙarar kekensa na ɗinki ke tashe mu da safe, shi ya ɗinka wa Roda rigar baftisma, ya ƙi karɓar ko sisi. Kowane farkon wata wanzami Ɗanlarai yakan zo ya kafa masa ƙaho a baya, a zaure. Ni kuwa na yi watanni shida kacal da fara aikin asibiti, kaina ya cika da ilimi har yana zuba. Da ya fara kukan gajiya, gaɓoɓin yatsunsa biyu na farko suka ƙi riƙe almakashi, sai na yanke hukunci a tsaye: mutum na fama da kasala, a ce kuma ana zubar masa da jini? Na tare Ɗanlarai a ƙofar zaure na faɗa masa maganar da ba a faɗa wa sa'an uba. Tsohon ya naɗe zabirarsa ya tafi, bai sake dawowa ba. Na shiga kanti na sayo maganin ƙarin jini, cokali uku a rana. Malam Bakari ya yi dariya ya sa mini suna Likitan Unguwa, ya kuma bi umarnina shekara uku bai tsallake rana ba.

Ranar da ya ga kwalbar, da muka fita baranda, likitan ya nuna mini takardar da ta dawo, sakamakon ɗan abin da ya ɗiba da allura daga hantarsa. Ya ce ciwo ne na gado. Akwai ƙarfe a abincin kowa, jiki kan ɗauki abin da yake bukata ya bar saura, amma jikin wannan mutum bai san ya ƙoshi ba. Shekara da shekaru yana tarawa a hanta, a gaɓoɓi, a fata, shi ya sa ya yi wannan baƙin mai toka-toka. A ƙarshe ya shiga tsokar zuciya, ta buɗe ta saki kamar tsohon gugan fata, ba ta iya tura jini, ruwa ya taru a ƙafa da huhu. Maganinsa ɗaya ne, a riƙa ɗibar jini kowane mako, amma zuciyar nan ta wuce wurin. Na tambaye shi ƙaho fa. Ya ce abin da ƙaho ke ja kaɗan ne, ba zai warkar ba, sai dai hanyar ke nan. Ita kuwa kwalbar, ƙarfe ne zalla. Ya ce in gaya wa iyalin su kawo 'yan'uwansa a duba su.

Na ce to. Na koma na gyara wa Malam Bakari matashi, ban gaya wa kowa komai ba.

Ya matsa a mai da shi gida, aka mai da shi. Ba ya iya kwanciya, sai aka jingine shi da bango a zaure, kusa da keken, inda koren yadi da fari suke jibge. Tutocin da 'yan makaranta za su riƙe ranar samun 'yancin kai aka ba shi, ƙanensa Mansir ya karɓi aikin, shi kuma yana kallo yana kushe masa ɗinki. Kullum in na taso daga aiki nakan kama tsintsiyar hannunsa in ji bugun zuciyarsa. Bugu uku, shiru, sannan biyar a guje. Ina ƙirgawa kamar na wani baƙo da aka kawo daga ƙauye.

"Likitan Unguwa, kada ki wahalar da kanki," ya ce mini wata la'asar, yana hutawa tsakanin kalmomi. "Haka babanmu ya tafi. Ƙafa ta kumbura, fuska ta yi baƙi. Gidanmu ba a kai hamsin da biyar."

Nan ne ya kamata in yi magana. Na ce Allah ya ba shi lafiya.

Ya rasu ranar Laraba bayan azahar, saura kwana uku bikin. Mansir na taka keke, ya juyo ya tambaye shi inda farin zare yake, bai amsa ba. Kafin la'asar an kai shi. Ban yi kuka ba, na duba cikina ban sami komai ba. Na dafa wa masu zaman makoki shinkafa, na wanke kwanuka, ranar Asabar na tsaya a ƙofa yaran makaranta suka wuce da tutocinsa suna waƙa.

Bayan sadakar bakwai Rabi'atu ta aiko in zo, don tana takaba ba ta fita. Na same ta a tsakar gida, ta wanke kwalaben ta jera su a gindin katanga, sun kusa kai ƙofar madafa. Ta ce shi ya bar wasiyya a mayar mini, a kuma gode mini, don ko 'yar'uwa ta jini iyakar abin da za ta yi ke nan. Guda ɗaya na hannunta, wadda likitan ya hana, da saura rabi a ciki.

"Wannan zan ba Mansir," ta ce. "Shi ma ya fara kukan gajiya. Kin ga yadda yake riƙe almakashi kuwa?"

Na gani. Tun ranar gaisuwa na ga yana yamutsa fuska duk lokacin da wani ya matse masa hannu, na kau da kai.

"Yaya, kada ki ba shi," na ce.

Na zauna a kan turmi na faɗa mata duka, da abin da likitan ya tambaya, da abin da na mayar mata, da Ɗanlarai. Muryata ta fita sumul kamar ina karanta sunayen marasa lafiya.

"Lokacin da kika kawo masa, kin sani?"

"Ban sani ba."

"A asibiti fa?"

"Na sani."

Ta dubi kwalbar. Ta ce ajali dai ba ya wuce ranarsa, amma ba ni take gaya wa ba. Sannan ta tambayi ranar da ake ɗibar jinin, na ce Talata. Ta cire murfin, ta tuntsurar da abin da ya rage a ƙasa, ta ajiye kwalbar a ƙarshen layi, ta shige ɗaki ta saki labule.

Ranar Talata da safe na buɗe ƙofa na sami Mansir tsaye, ya riga ya naɗe hannun riga. Na leƙa ta kan katanga don in gaishe ta. Labulen na sake. Ta share tsakar gidan tas, tsintsiyar ta kewaye baƙin tabon maganin nan ta bar shi yadda yake.