Bargon da Mansura Ta Bari

Abduljalil ya yi shekara arba'in da ɗoriya a Jidda, kuma da wuya ka ambaci sana'ar da bai taɓa ba. Ya ja mota, ya yi dakon kayan alhazai, ya sayar da turare da carbi a kasuwar Bab Makka har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Abu ɗaya ne bai sake ɗauka ba tun da ya baro Mai Wurno ta ƙasar Sudan yana saurayi, wato allura. A can ya iya ɗinkin hula kamar kowane namiji a unguwarsu. A nan ya ga ba ta ciyar da gida, ya watsar.

Matarsa Mansura ita ce mai allura, ita kuma ba don sayarwa take yi ba, don jin daɗin ranta ne. Shekarar da suka aurar da 'yarsu ɗaya tilo, Naja'atu, ta fara haɗa bargon jariri. Ƙyallaye ne kamar tafin hannu, wasu daga tsofaffin zannuwanta, wasu ta roƙo wurin teloli, kowanne ta yi masa fure da zare a gicciye kafin ta haɗa shi da ɗan'uwansa. Na jikanta na fari ne, in ji ta.

Shekara ta zagayo, babu ciki. Biyu, uku, biyar. Wata rana Naja'atu ta shigo ta tarar da uwar tana kan bargon, ta wuce banɗaki ta daɗe a ciki. Ranar Mansura ta naɗe shi ta sa a akwati. Shekara goma sha huɗu bai sake ganin rana ba.

Mansura ta rasu wata safiya a asibiti. A garin nan ba a ɓata lokaci: masu wanka suna da wurinsu, suna da kayansu, kai dai naka ka sa hannu a takarda ka bi sahu. Kafin la'asar an rufe ta, Abduljalil ya dawo ɗakinsu na unguwar Ammariyya ya tarar da shayin da ya haɗa mata da asuba yana nan a kofi.

Wata huɗu bayan haka Naja'atu ta kira shi a waya. Ta fara da Hausa, murya ta ƙi, ta koma Larabci. Ciki ne, wata uku. Bayan shekara goma sha tara.

Ya yi hamdala, ya yi mata addu'a, ya ajiye wayar. Sannan ya je ya buɗe akwatin.

Allurar tana nan soke inda ta bar ta, ta yi tsatsa har ta ɓata ƙyallen. Layi uku suka rage, ga ƙyallayensu a yanke cikin leda, babu auduga a ciki, babu shafin da ake rufe bayansa. Ya tsaya yana kallo, ya ce a ransa, in dai yana numfashi, jaririn nan a cikin bargon kakarsa za a naɗe shi.

Kowace safiya sai ya ja kujera bakin taga, ya sa tabarau, ya zauna har azahar. Makon farko yatsu suka ƙi, ya fi awa yana neman kafar allura. A hankali hannun ya tuna abin da ya sani. Furensa bai kai nata kyau ba, ya san haka, nasa ya fi kama da zanen hula. Abokansa na wurin mai shayi suka ce tsufa ya mai da shi tela, ya ce ko ba komai shi yana da abin yi, su kuwa sai ƙirga motoci.

Da ya gama layukan, sai maganar shafi. Sau uku yana zuwa Bab Makka, duk yadin da aka warware masa sai ya ga Mansura za ta taɓe baki. Ranar da ya dawo na uku ya zazzage akwatin ko zai ga wani zane da zai yi. A can ƙasa ya tarar da farin yadi mai laushi, a ninke cikin leda biyu, ba a taɓa sa masa almakashi ba.

"Ashe kin tanada," ya ce da ɗakin.

Ya auna, ya yanka. Ya shimfiɗa auduga a tsakani, ya bi da allura yana haɗa sama da ƙasa, ɗinki kusa da ɗinki, wata biyu cur. Ranar da ya ƙulle zaren ƙarshe ya ɗauki hoto ya aika wa Naja'atu. Saƙon muryar da ta maido rabinsa kuka ne.

Ana saura kwanaki haihuwa sai ga Larai, ƙanwar Mansura, ta iso daga Gadarif ta Sudan don ta zauna da mai jego. Tun rasuwar ba ta samu zuwa ba. Suka yi wa juna ta'aziyya, sannan wasan da ke tsakanin miji da ƙanwar mata ya dawo da kansa.

"Yaya, wai an ce ka koma ɗinki. Da ka faɗa mini da na zo da zannuwana da suka yage."

"Naki ai sai dai a ba masu goge mota. Zauna ki ga aiki."

Ya ɗauko bargon ya baza mata a cinya. Ta bi ƙyallayen da yatsa tana gane su. Wannan zanen sunan Naja'atu ne, wannan na Innarsu ne. Da ta zo kan layuka ukun ƙarshe ta yi dariya.

"Wannan kam naka ne. Fure ne ko ƙadangare?"

"Fure ne na maza."

Ta juya bayansa don ta ga ɗinkin. Hannunta ya tsaya a kusurwa, inda wani ɗan ƙulli na koren zare yake, bai fi ƙwayar gero ba. Shi ya gan shi tun farko, ya ɗauka alamar shago ce.

"Yaya, ina ka samo wannan yadin?"

"A akwatinta. Ta ajiye don shafi."

Larai ta shafa koren ƙullin da yatsa.

"Ba shafi ba ne. Likkafaninta ne."

Ya ji maganar, amma kamar daga wani ɗaki ake yin ta.

"Shekarar da na zo aikin hajji muka saya tare," in ji ta. "Muka jiƙa su da ruwan Zamzam, muka shanya a saman masauki. Ita ta sa wa nata kore, ni ja, don kada su cakuɗe. Nawa yana gida. Ta ce ba za ta faɗa maka ba, kai da an ta da zancen mutuwa sai ka tashi ka bar ɗakin. Ta ce in ranar ta zo, ni zan faɗa. Ranar kuwa babu waya a garinmu. Sai da ta kwana biyu a ƙasa na ji."

Abduljalil ya san al'adar sarai. Da hannunsa ya sha ɗaukar wa alhazai irin wannan yadi zuwa tashar jirgi. Bai dai taɓa kawo wa ransa cewa matar da yake kwana ɗaki ɗaya da ita ta yi wa kanta wannan shiri ba. Ta ajiye shi taku uku daga gadonsu, shi kuma ya tsaya a ƙofar masu wanka aka naɗe ta a yadin da ake naɗe kowa.

"Na ce zan yi shiru har abada," in ji Larai, "tunda ya riga ya wuce. Amma Yaya, ba a naɗe jariri a likkafani."

"Yadi ne. Ba a sa wa kowa shi ba."

"Ni ma na sani. Je ka faɗa wa wadda ta jira shekara goma sha tara."

Washegari ya ja kujerar bakin taga, ya ɗauki reza zai farke shafin. Ya yi ɗinkin da ƙarfi, irin na hula, don kada ya saki. Tsofaffin ƙyallayen kuwa sun riga sun mutu a akwati. Ɗinki goma ya cire, zanen Innarsu ya dare, furen da Mansura ta yi a kansa ya biyo zaren. Ya gwada wata kusurwar, haka. In ya ci gaba zai raba shafin, amma ba abin da zai rage na hannunta. Ya ajiye rezar.

Ranar Talata da hantsi Naja'atu ta haifi mace. Ya je asibiti hannu rabbana. Ya karɓi jaririyar cikin tawul ɗin asibiti, ya yi mata kiran salla a kunne, ya miƙa wa uwar.

"Baba, fen bargon? Ina yake? Tun jiya nake cewa Anti Larai ta tuna maka."

Larai ta juya tana gyara kwanukan da ba su buƙatar gyara. Abduljalil mutum ne da ya sayar wa Bature carbi, ƙarya ba ta yi masa wuya. Zai iya cewa shayi ya zube a kai. Sai ya dubi fuskar 'yarsa, ya ga ta uwarta, ya zauna a bakin gado ya faɗa mata komai, har da koren zaren.

Ba ta yi kuka ba. Ya so ta ce ya kawo shi haka nan, ai hannun Mama ne, ai ruwan Zamzam ne. Ya ga ma leɓenta ya motsa kamar za ta faɗa. Sai jaririyar ta yi wani ɗan tari, Naja'atu ta janyo ta jikinta da sauri, ta rufe ta da hannu biyu.

"Ka ajiye shi wurinka, Baba," ta ce a hankali. "Ka yafe mini. Ba zan iya ba."

"Babu komai, Naja. Halas, ya wuce."

Ya tashi ya ce zai je ya nemo ragon suna tun kafin rana ta yi zafi. Larai ta rako shi har ƙofa, ta buɗe baki, ya girgiza mata kai, ya bi dogon barandar asibitin shi kaɗai.